Ranar da Kawunka Ya Shiga Fage a Madadina

Malbaza, ranar Talata.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sauke ka garin Tawa lami lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutane, da kuma na zuciyarka, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro.

Za ka yi mamakin samun takarda daga wurina alhali gida ɗaya muke kwana. Ka san dalili. Kai ɗan fari ne. Tun da aka haife ka bakina bai taɓa kiran sunanka ba, ban kuma taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ba. In ka shigo zaure sai in tuna ban duba akuya ba, in tashi in fita. Mutane suna yabon kunyata. Gaskiyar magana ita ce kunyar ta yi mini rana, don na fake a bayanta shekara da shekaru ina ɓoye abin da ya kamata ka sani. Rubutun nan na karatun manya ne da na koya bayan na kama aiki a luzin siminti, wato masana'anta, sai ka yi haƙuri da karkacewarsa. Zan ba uwarka ta cusa a jakarka, ka karanta a bayan kamiyo, babbar motar da za ta ɗauke ka gobe.

An zaɓe ka cikin 'yan kokawar da za su tsaya wa jihar Tawa. Za a tara ku wuri ɗaya, a ciyar da ku, a biya ku, ku yi ta gwaji har ranar haɗuwa da na sauran jihohi. Da na ji labarin sai da na zagaya bayan gida na yi hawaye don murna. Amma shekaranjiya kana alwala na ga sabon agogo a hannunka, kuma na san kuɗin dakon siminti ba ya sayen irinsa. Uwarka ta ce wani Alhaji mai motoci a Ƙonni ya ba ka. Ta ce ya roƙe ka, in saura mako guda a fara, ka ce ciwon ciki ya kama ka, ka sulale ka ƙetare iyaka ka yi masa kokawa a can, a cika maka aljihu da naira. Ta ce ba ka amsa ba, ba ka kuma ƙi ba. Ni na san irin wannan shirun, don na taɓa yin sa. Tun da na ga agogon nan abinci bai yi mini daɗi ba.

Kai dai abin da ka sani shi ne ubanka ya yi kokawa a Alela, ana ce masa Gatari, gwiwa ta hana shi ci gaba. Gwiwata lafiyarta ƙalau. Da ita nake ɗaukar buhu biyu a tashi ɗaya har yau.

Bari in fara daga ƙarami. A zamaninmu, in an gama girbi an ɗaure damman hatsi, garuruwa sukan gayyaci juna kokawa. Ba kowa ke yin tasa ba. Akan fara da ƙanana, in an kada naku sai wanda ya fi shi ya shiga ya rama, a haka a haka har a kai kan na ƙarshe, wanda ke zaune a kan tabarma yana jira. Ni ne na ƙarshen Alela shekara huɗu. Kafin in miƙe, 'yan'uwana sun riga sun gajiyar da baƙi, sun tona mini inda kowa yake da rauni, wane yana tsoron kamun ƙafa, wane numfashinsa gajere ne. Ni kuwa sai in shiga da sabon jiki in ƙarasa, mata su yi guɗa, in yi ta kumbura kamar ni kaɗai na yi.

Wata shekara a Dogarawa aka ba ni rago. Al'adarmu ita ce a yanka, kowa ya ci, har wanda aka kada tun farko da makaɗi. Ni sai na ja ragona na kai gida na ɗaure. Bawa makaɗi, wanda shi ne babba a cikinmu kuma shi ke riƙe da gangar gari, ya biyo ni har ƙofar gida ya ce, "Gatari, ragon ga na kowa na. Kai ad da ƙarhi, amma mu munka gajiyar maka da su." Na ce masa in yana son nama ya ajiye ganga ya ɗaura warki ya shiga fage. Tsoho ya dube ni, ya kaɗa kai, ya juya. Ban yi tsammanin wannan wani abu ne ba. Amma daga ranar na fara ganin 'yan'uwana kamar barorina, kuma duk abin da na yi daga baya daga nan ya tsiro. Don haka duk abin da aka ba ka a Tawa, ko goro ne, ka kai shi tsakiya. Ka fi kula da wanda aka kada tun ranar farko, wanda zai zauna yana riƙe muku ruwa da riguna, don shi ma guminsa ya zuba a cikin nasararka.

Na biyu. Sau ɗaya aka kada ni a waɗannan shekarun, a Tsarnawa. Dalilin a bayyane yake. Wata guda ban je gwaji ba, ina yawon kasuwar Ƙonni ina shan yabo, ina cin tsire, har ciki ya fara turo riga. Da bayana ya taɓa ƙasa sai na miƙe ina kumfar baki. Na ce Bawa ya ɓata taken, na ce an yi mini asiri, na ce kawunka Idi ne ya ɗaura mini laya a hannun da ba shi ba. Idi ƙanen uwarka ne, shi ke shiga kafin ni, kuma shi ke shafa mini mai yana ɗaura mini guraye. A gaban mutane na zage shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi haƙuri, yaya." Wato shi ne ma ya ba ni haƙuri. Ka ji irin mutumin da ubanka yake. In aka kada ka, kuma za a kada ka ko ba jima ko ba daɗe, ka tashi ka kakkaɓe ƙasa, ka koma wurin mutanenka ka ce kai ne ka yi sake. Kada ka nemi wanda za ka rataya wa. Abokan fage suna manta faɗuwa kafin sati, amma ba sa manta wanda ya shafa musu laifinsa.

Yanzu ga babban. Na daɗe ina riƙe da alƙalami kafin in iya fara shi.

Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, kana ɗan shekara shida, mutanen Tajaye ta ƙasar Ilela suka aiko za su zo mana ranar Juma'a. Suna da wani ƙato da ake ce wa Dogo, wanda bai taɓa faɗuwa ba. Duk ƙasar ta san ni kaɗai zan iya tsayawa gabansa. A Alela muna da wata al'ada. Kwana uku kafin baƙi su zo, akan dama fura a ƙwarya guda, 'yan kokawa su zauna a gindin tsamiyar fage, kowa ya kurɓa ya miƙa wa na kusa. Ba a rantsuwa, ba a cewa komai. Wanda ba zai samu zuwa ba, don ciwo ko don wata lalura, sai ya miƙa ƙwaryar gaba bai sha ba, kuma babu mai jin haushinsa, sai a sake lissafin wa zai shiga bayan wa. Amma wanda ya sha, ya ɗauki alkawari.

Da safiyar wannan ranar wani ɗan kasuwa daga Gwadabawa, hayin iyaka, ya same ni a gona. Ya ce suna da kokawar biki ranar Juma'ar nan, in na je na kada musu wani, keke sabo ful nawa ne. A lokacin duk Alela keke biyu ne, na malamin lakwal, wato makarantar boko, da na ɗan maigari. Ban amsa ba, ban kuma ƙi ba. Da la'asar aka zauna gindin tsamiya. Ƙwarya ta zagayo ta iso hannuna. Wallahi har yau ina jin sanyinta a tafina. Abin da kawai zan yi shi ne in miƙa ta gaba. Da na yi haka, da Bawa ya aika Tajaye an ɗaga ranar, ko an gayyato wani daga Bazaga ya tsaya mana, da magana ta ƙare da ɗan gunaguni. Amma na ji kunyar idon mutane. Na ɗaga ƙwarya na sha, na sha da yawa ma, har Idi ya yi dariya ya ce in rage masa. Na miƙa masa.

Ranar Alhamis na ce wa uwarka zan je Ƙonni sayen gishiri. Na ƙetare.

Abin da ya faru a fage ban gani ba, daga baya Bawa ya gaya mini, yana magana yana kallon ƙasa. An fara bayan sallar Juma'a. Namu suka yi ƙoƙari, Idi kaɗai ya kada mutum uku. Sai Dogo ya miƙe, kuma a al'ada in na ƙarshen baƙi ya miƙe, namu na ƙarshe ne ke fita ya tare shi. Bawa ya buga takena, mutane suka juya suna duban tabarmata, ba kowa. Ya sake bugawa. Aka tura gida, uwarka ta ce na tafi sayen gishiri. 'Yan Tajaye suka fara shewa, suna cewa Gatari ya ji ƙamshin Dogo ya shige rumbu. Dokar ita ce, in an buga taken na ƙarshe sau uku bai fito ba, sai a kife gangar gari a tsakiyar fage a gaban baƙi, kuma garin ba zai sake gayyatar kowa ba sai bayan damina biyu. Bawa ya ɗaga sandar kiɗa zai buga na uku, sai Idi ya riƙe masa hannu. Ya ce, "Kak ka buga, baba. Yaya shina nan tahe, wani abu na ya tsai da shi. Bari in riƙe mishi wurin kahin ya iso."

Ka ji abin da ya ce. Bai shiga don ya kada Dogo ba, ya san ba zai iya ba, ga gajiyar mutum uku a jikinsa. Ya shiga ne don ya ja lokaci, saboda ya gaskata ina kan hanya. Bawa ya ce Idi ya yi ta zillewa yana kewaya fage, kuma duk kewayawa sai ya saci kallon hanyar Ƙonni. A cikin irin wannan waiwayen Dogo ya cafke shi, ya ɗaga shi sama, suka faɗi tare, nauyin ƙaton duka a kan bayansa. Dogo ba mugu ba ne, an ce shi ya fara sa kuka da ya ga Idi bai motsa ƙafa ba.

Ni kuwa a wannan sa'ar ina Gwadabawa an ɗaga ni sama ana guɗa. Wanda na kada ma wani ɗan tsurut ne da ko Idi zai gama da shi da hannu ɗaya.

Ranar Lahadi da hantsi na shigo Alela a kan keke, da sabuwar riga, ina ta danna ƙararrawa don a fito a gani. Na wuce majalisar bakin masallaci na yi sallama, aka amsa ciki-ciki, babu wanda ya ɗaga kai. Na isa gida na tarar da uwarka a zaune ba ta daka ba. Ta dubi keken, ta dube ni, ta ce, "Ina gishirin?" Sannan ta ce, "Ba ni ce maka komi. Tahi ka gane shi."

Na sami Idi kwance a kan tabarma a ɗakin kakarka, an ɗaɗɗaure shi da karare. Na tsaya a bakin ƙofa, keken yana hannuna don na ma manta in jingine shi. Ya juyo da kai da ƙyar, ya ce, "Ka zaka, yaya? Sannu da hanya. Keken ga naka na? Ya yi kyau." Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma har yau, shekara goma sha shida, bai ƙara kalma ɗaya a kai ba. Da ya zage ni, da ya tofa mini yawu, da na samu inda zan sa kaina. Keken kuwa ka san shi. Shi ne wanda ka koyi tuƙi a kansa, wanda kake zuwa Alela da shi kana kai wa kawunka sukari da ganyen shayi. Duk lokacin da ka jingine shi a ƙofar ɗakinsa yana ganinsa.

Ga gargaɗina a nan, kuma in za ka watsar da duk sauran ka riƙe wannan. Laifina ba tafiyar ba ce. Mutum yana da ikon ya nemi abincinsa inda ya fi maiƙo, kuma ƙarfin ɗan kokawa ba ya daɗewa, na san wannan sarai. Laifina shi ne na sha furar. Na bar mutane suka jingina da ni alhali na san zan janye. In zuciyarka ta riga ta ƙetare iyaka, to kada ka hau kamiyon nan. In kuma ka riga ka hau, ka sauka a Tawa ka je wurin mai horar da ku tun ranar farko, ka dube shi ido da ido ka ce ba za ka tsaya ba, ya nemi wani tun da sauran lokaci. Za a zage ka, za a ce kai maci amana ne, amma babu wanda zai karye saboda kai. Amma in ka ci tuwonsu, ka karɓi rigarsu, ka bari aka rubuta sunanka a cikin jerin, to ka sha fura. Akwai wani a cikin mutanen nan, ban san sunansa ba, kai ma watakila ba ka san shi ba tukuna, wanda zai ce bari ya riƙe maka wuri kafin ka iso.

Saura kuskure na ƙarshe, wanda har yanzu ina cikinsa. Bayan abin ya faru, Bawa ya aiko mini cewa in zo gindin tsamiya ranar kasuwa, in tsaya a gaban 'yan'uwana in faɗi abin da na yi da bakina, in sayar da keken a kai Idi asibitin Galmi. Ya ce in na yi haka za su karɓe ni, ko da ba a matsayin na ƙarshe ba. Na ce gobe. Goben nan ta yi ta ja har damina ta sauka. Na daina bi ta fage, na daina zuwa majalisa, na canza masallaci. Da aka buɗe luzin Malbaza ana neman masu ƙarfi, ni ne na farko a layi, na kwashe ku muka taho, na ce wa mutane neman abinci ya kawo ni. Ina aika wa Idi hatsi duk kaka, da tufafi duk salla, ta hannun uwarka ko ta hannunka, ina ruɗin kaina cewa wannan ya isa. Bawa ya rasu bara waccan, bai sake buga takena ba ko sau ɗaya. Waɗanda ya kamata in tsaya a gabansu rabinsu suna ƙasa. Ko yau na tafi, ban san wa zan tara ba. Saboda haka in ka yi kuskure, kuma ina tsoron za ka yi, kada ka ce gobe. Ka koma da ƙafarka tun ana jin zafinka, ka tsaya a yi maka duk wankin da za a yi. Zafin mutane yana da magani, amma in suka huce suka daina ambatonka, shi ke nan an gama da kai.

Ba na jin takardar nan za ta juya ka, gaskiya nake gaya maka. Ina ganin kaina a tafiyarka, a yadda kake ɗaga kafaɗa in an yabe ka, a yadda kake juya hannu don agogon ya kama rana. Ni ma da wani ya rubuto mini a wancan lokacin, da na naɗe goro da takardar. Kuma me zan nuna maka? Ga ubanka fari fat da ƙurar siminti, yana tari, ba a san shi da komai ba sai dako. Ga Alhaji da motoci. Na kuma san bayan ka karanta wannan ba za ka sake dubana kamar da ba. Na yarda da wannan asarar, don ita kaɗai ta rage mini da zan iya biya.

Abu ɗaya dai nake so ka tuna. Wa ya koya maka kokawa? Ba ni ba ne, ni ko kamun hannu ban taɓa nuna maka ba. Kawunka ne, daga kan tabarma, yana tufka igiya yana yi maka ihu, "Sauke gindi! Kak ka dubi hannunai, dubi ƙahwahunai!" Mutumin da na karya shi ya gina ka, bai kuma taɓa ɓata ni a wurinka ba. Uwarka ta ce ya sa an sayo masa sababbin batura, ya ajiye su a ƙarƙashin matashi, ya hana kowa taɓawa, don kada rediyo ta mutu masa ranar da za a kira ka. Ya taɓa zama yana duban hanya saboda ni. In ranar ta zo aka jero sunayen 'yan Tawa babu naka, zai ce wa mutanen da suka taru a ɗakinsa wani abu ne ya tsai da kai, kana nan tafe. Na san zai faɗa, kuma wannan karon ban san yadda zan ci gaba da rayuwa a bayansa ba.

Na ji makaɗan yanzu in suna yi maka kirari ba sa cewa ɗan Gatari. Suna tsallake ni, su ce na Idi. Uwarka ta ce abin yana ɓata maka rai, har ka taɓa yi wa ɗaya faɗa a garin Gidan Idar. Kada ka sake gyara musu. Sun fi ka sanin abin da suke yi.

Uwarka tana gaishe ka, ta sa maka ƙuli-ƙuli da garin yaji a ƙasan jaka. Ƙannenka duk suna yi maka fatan alheri. Ka riƙe salla, ka kula da ruwan da za ka sha, kada ka shiga fage da ciwo kana ɓoyewa. Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ƙashinka da na duk wanda za ka kama, Ya tsare wanda zai shiga kafin kai da wanda zai shiga bayanka. Allah Ya sa kada ka gado ni.

Ka mayar da agogon, Lawali. Ga shi na rubuta sunanka, tunda bakina ya kasa. Ina so in ji shi a rediyo, ko da a cikin waɗanda aka kada ne.

Wassalam. Ni ne mahaifinka.